Gangar Baƙin Ƙofar Guga

Motarsu ce ta mutu a Ƙofar Guga
suna kan hanyar Maraɗi.
Su bakwai, gangunansu a nannaɗe cikin bargo
kamar masu zazzaɓi.
Bakanike ya ce sai an aiko ƙarfe daga Kano.
Ƙarfen ya kwana tara bai iso ba.

Babana Sallau, mai kalangun mahauta,
ya share musu zaure.
Babbansu Usebiyo ne sunansa,
kafin la'asar yaran unguwa sun mai da shi Isuhu.
Goshinsa sak na kawu Barmo,
amma ko sannu ba ta zama a bakinsa.
Tafinta ya ce daga wani tsibiri suke, bayan teku,
inda rake ya sha gumin kakanninsu
kafin kowa ya sha shi.

Daren farko ba wanda ya taɓa fata.
Tuwo, miyar kuka, kallon juna.
A dare na biyu ya kwance bargon.
Doguwa ce, kamar turmin da ya rame,
ba sassaƙa ba, katakai aka jera aka yi musu ɗamarar ƙarfe.
Baba ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa, ya tuntsire:
"Wannan ai gangar zuba kaya ce!"
Tafinta ya ce e,
ranar da aka raba su da itatuwan ƙasarsu
mazubin kayan ubangida suka ɗaura wa fata.
Ganga ta zama ganga.
Baba bai ƙara dariya ba.

Sai tafin hannu ya sauka.
Uku, numfashi, biyu.
Uku, numfashi, biyu.
Inna Tasalla, da kunnenta ya yi nauyi tun shekarar fara,
ta fito da muciya a hannu:
"Wa ke luguden matan ƙauyenmu a zauren nan?"

Baba ya matse kalangu a hammata ya yi tambaya.
Doguwar ba ta jin Hausa,
amma ta san inda tambayar take ajiye ƙafa,
nan ta riƙa tarar ta.
Har mai shayin bakin titi ya bar madara ta ƙone.

Ran tafiya Usebiyo ya bar doguwar jingine da bango.
Baba ya rataya masa kalangunsa na biyu,
wanda tsarkiyarsa ta yi baƙi da gumi.
Ba su rungumi juna ba.
Tafi suka haɗa, kanta a kan kanta, suka daɗe.

Yau shekara talatin da huɗu.
Fatarta ta tsage a damina ta uku,
majema suka ba ta ta bijimi.
Kusoshinta sun yi tsatsa, aka ɗaure ta da kiri.
Abin da ya saura na tsibiri a jikinta
katako ne, da wani ƙamshi da ban san sunansa ba.

Da farko kiɗan Isuhu ake ce masa,
sannan kiɗan baƙi,
yanzu ba shi da suna.
Jiya na ji shi a jikin wata keke a Ƙofar Marusa,
direban yana jiran fasinja da yatsunsa.
Na ce, "Ina ka samo wannan?"
Ya ce, "Hajiya, ai namu ne."
Na buɗe baki zan gyara masa,
sai na rasa ta ina.

Ni ɗinki nake yi, ban gaji kiɗa ba.
Amma wani lokacin ƙafata a kan keken ɗinki
takan yi uku ta tsaya,
sai in tuna da kalangun Baba can bayan teku.
Ko wa ke shafa masa mai?
Ko da fatar me suka rufe masa baki,
kuma in an matse shi a hammata,
har yanzu kirarin mahautan Katsina yake yi
ga mutanen da ba su san ana yi musu kirari ba?